Ranar da Na Ce wa Auta Ya Ja a Gabana

Da sunan Allah nake buɗe wannan takarda, ina roƙonsa ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi, ko da abin da zan faɗa bai yi mini ado ba.

Sana'ata haɗa turare. A hannun mahaifinmu na gada, can Ruma, kafin in dawo Batsari in kafa rumfa a bakin kasuwa. Ina haɗa humra, ina yin turaren wuta, ina tsiyaya wa maza na jiki a 'yan kwalabe. Duk haɗin da ya yi kyau nakan rubuta shi da ajami a wani littafi mai bangon fata, don in an sake nema kada in tsaya lalube.

Ni ne babba a ɗakinmu, kuma tsakanina da autanmu akwai tazara, har na goya shi. Auta muke ce masa har yau, ko da yake furfura ta fara leƙo masa a gemu. Shi ya zauna a Ruma yana noma da kiwo. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, aka kora masa shanu, gonakin nesa suka gagara zuwa, sai ya kwaso iyalinsa ya zo Batsari. Na ba shi ɗakuna biyu a bayan gidana. Ya sami babur ya fara haya tsakanin Batsari da Safana, wani lokaci har Zakka in hanya ta yi lafiya.

Auta yana shan taba tun yana saurayi. Na sani, ya kuma san na sani, amma a wancan lokacin ban taɓa ganin karan taba a hannunsa ba. A wurinmu ƙane ba ya shan taba a gaban wansa. In ta motsa masa muna zaune, sai ya ce, "Yaya, bari in duba babur," ya zaga bayan rumfunan masu rogo, can ya dawo yana tauna goro. Ni kuwa tun kafin ya zauna na ji ta a rigarsa, in yi shiru. In yini ya kama shi tare da ni, bai fi ya zaga sau uku ba. Ba ya sha a cikin gida, ba ya sha kusa da masallaci, ba ya sha in ya ɗauko dattijo a babur. A lokacin ban ɗauki wannan ɓoye-ɓoyen a bakin komai ba. Gani nake wahalar da kai ce kawai.

Damina ta biyu da zuwansa tari ya kama shi, irin mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. A asibiti aka ce masa ya bar taba. Ya bari kwana biyu ya koma. Wata safiya matarsa ta durƙusa a bakin zaure, bayan mun gama gaisawa ta ce, "Yaya, kai kaɗai yake jin maganarka. Ka yi masa magana a kan abin nan."

Na ce mata to, amma na rasa ta inda zan fara. Shekara da shekaru muna zaune a kan cewa ban sani ba. In na buɗe baki na ambaci taba, na tona shi ke nan.

Maƙwabcin rumfata mai sayar da caja da kayan waya ne, yana yawan zuwa Kano sarin kaya. Shi na yi wa kukan. Bayan mako biyu ya dawo ya ajiye mini wani ƙarfe kamar kaurin babban yatsa a kan tebur.

"Malam, ga abin da zai raba ƙanenka da taba."

Na juya shi na ce, "Wannan usur ne ko alƙalami?"

Ya yi dariya ya ce tabar lantarki ce, wasu na ce mata shishar aljihu. Ba a kunna mata ashana. Caji ake yi mata, a zuba mata wani ruwa, in mutum ya ja sai ruwan ya yi zafi ya fito kamar tururi. Ya ce akwai ruwan da ake sayarwa a haɗe, amma masu hankali da kansu suke haɗawa. Ya fito da manyan kwalabe biyu na wani ruwa mai kauri, fari tas kamar tataccen zuma. Ɗaya akwai ƙarfin taba a ciki, abin da suke kira nikotin, ɗaya kuwa babu. Sai 'yan ƙananan kwalabe na filebo, wato ruwan ƙamshi da ɗanɗano, wajen goma sha biyu: mangwaro, abarba, kwakwa, na'a-na'a, madara, banila, citta, kanumfari da sauransu.

"Dabarar ita ce," in ji shi, "kowane wata ka rage mai ƙarfin, ka ƙara marar ƙarfin. A hankali har ya zama ƙamshi kawai yake ja, daga nan sai ya yar da kansa. Amma Malam, kada ka kuskura ka ɗiga turarenka a ciki. Mai ne, huhu ba ya ɗaukar mai."

Kwana uku kayan suna ajiye ban taɓa ba. Na yi ta kai da kawowa a kan halaccin abin. Ban tambayi limaminmu ba, kuma na san dalilin da ya sa ban tambaya ba. Na ce wa kaina magani ne, lalura ce, wata biyar ko shida an gama. Amma tun da na ɗauki alkawarin gaskiya, ranar da na buɗe ƙananan kwalaben nan na shinshina su ɗaya bayan ɗaya, ba tarin Auta ne a raina ba. Hannuna ne yake ƙaiƙayi.

Ta hannun matarsa na aika masa da ƙarfen, da haɗin farko. Mangwaro na sa da na'a-na'a, kuma a hanci ya yi daɗi ƙwarai. Kashegari ta kawo mini amsa tana rufe baki da mayafi: "Ya ce a gode maka. Amma wai kamar ya sha man goge baki." Na yi na biyu, abarba da kwakwa. Amsa ta zo wai kamar sabulu. Na uku na koma mangwaro da na'a-na'a, ya ce da daɗi, sai dai ta gaya mini a asirce cewa ya ajiye shi a kan taga ya tafi bayan rumfunan masu rogo.

Abin ya dame ni. Shekara talatin ba a taɓa dawo mini da haɗi ba. Sai na tuna abin da kowane mai turaren wuta ya sani: ba a sanin turare a cikin kwalba, sai ya hau garwashi. Zafi yana ɗaga wani ƙamshi, ya danne wani. Wannan ruwan ma haka ne. Sai na ji shi lokacin da yake fitowa da zafinsa zan san inda ya karkace. Ni kuwa ba zan sa abin a bakina ba.

Ran nan bayan la'asar, kasuwa ta yi sanyi, Auta ya zo ya zauna a bencin rumfata yana jiran fasinja. Na ce, "Auta, ina abin nan?"

"Wane abu, Yaya?"

"Wanda matarka ta ba ka."

Ya sunkuyar da kai. "Yana gida."

"Yana aljihunka na dama, tun da ka zauna nake jin ƙamshinsa. Fito da shi ka ja in ji."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. "A gabanka, Yaya?"

"Ai magani ne. In likita ya ce ka buɗe baki, kunya kake ji?"

Ya daɗe kafin ya sa hannu a aljihu. Da ya fito da shi sai ya juya mini baya ya tsuguna, yana fuskantar bango. Na ce ya juyo. Maƙwabcina ya leƙo daga rumfarsa yana dariya, ya ce, "Yau Auta ya zama kaskon turare." Auta bai yi dariya ba. Ya ja kaɗan, ya busa ƙasa, gefen ƙafarsa.

Na ce, "Ba can ba. Buso nan wajena."

Ya buso. Nan take na gane laifin haɗin: na'a-na'a ce ta haye kan kowa, zafi ya ninka ta, mangwaron ya gudu tun kafin ya iso hanci. Na yi murna. Ina tuna wannan sarai, murna na yi, na jawo littafina na rubuta. Ban ko kalli fuskar ƙanena ba.

Daga ranar aiki ya miƙe. Kullum bayan la'asar Auta zai zo, in zuba sabon haɗi, ya ja, ya buso, in gyara. Satin farko yana yi yana kallon ƙasa. Sati na uku har yana ba ni shawara.

Na koyi abubuwa da dama a watannin nan, kuma yawancinsu 'yan'uwan abin da na sani ne a turare. Dole haɗi ya kasance da maigida ɗaya, sauran su zama baƙi. In ka sa masu ƙarfi biyu daidai wa daida, faɗa za su yi ta yi a baki. 'Ya'yan itace su ke fara isowa, su ke fara tafiya. Madara da banila ba sa gaggawa, suna zama a ƙasa su riƙe sauran, kamar yadda sandal ke riƙe humra. Kanumfari ɗigo ɗaya ya isa, in ka ƙara na biyu ba za ka sake jin kowa ba sai shi. Na'a-na'a da madara ba sa shiri ko kaɗan. Kuma sabon haɗi ɗanye ne. Sai na rufe shi na sa a cikin tukunyar ƙasa, inda babu haske, ya kwana biyar ko bakwai, kullum in girgiza shi sau ɗaya, sannan kayan su san juna. Wanda ya yi ɗaci ranar farko sai ka tarar ya kwanta. Duk na rubuta, shafi bayan shafi, kusa da haɗe-haɗen mahaifinmu.

Duk da haka Auta bai bar zagawa bayan masu rogo ba, ya dai rage. Wata rana ya ja haɗin kwakwa da dabino, ya ce ba laifi, yana murza ƙarfen a tafinsa.

"Yaya, da za ka iya haɗa na furar Inna."

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, furarta daban ce a Ruma. Tana cika mata citta, ta sa kanumfari kaɗan, a dama da kindirmon shanunmu. Auta ne ke lashe ludayi. Na ce masa gero ba ya shiga kwalba. Amma maganar ta zauna mini. Na sa maƙwabcina ya nemo mini filebo mai ƙamshin gasasshen hatsi, da wani na madara mai ɗan tsami. Na yi kusan wata biyu a kansa. In hatsin ya yi yawa sai ya koma biskit. In tsamin ya yi yawa sai ya koma nonon da ya kwana uku. Cittar ce ta fi ba ni wahala, don ta Inna tana zuwa ne a ƙarshe, bayan an haɗiye, ta ɗan kama maƙogwaro.

Ranar da ya yi daidai, Auta ya ja, ya riƙe, ya busa a hankali. Ni ma da ƙamshin ya iso ni sai da na ajiye alƙalami. Can ya share ido da bakin riga ya ce, "Saura ƙamshin ƙwarya, Yaya." Muka yi dariya.

Daga wannan haɗin ya bar taba. Bari na gaskiya, don rigarsa ta daina gaya mini komai. Tarin ya yi sauƙi. Matarsa ta aiko mini da dambun zogale da godiya mai yawa. Na yi hamdala, na ɗauka an kai gaci.

Sai lokacin ragewa ya zo. Na rage mai ƙarfin kamar yadda aka tsara, na ƙara marar ƙarfin. Ashe ɗan cizon nan da ke kama maƙogwaro ba na citta ba ne ita kaɗai, har da ƙarfin tabar. Da na rage, sai haɗin ya yi lami. Auta ya ja ya ɓata fuska.

"Yaya, wannan furar an cika mata ruwa."

Da na ce masa haka ake so, ya yi haƙuri, da ya yi. Bai taɓa musa mini ba. Amma ni ma na shinshina na ji ta yi lami, kuma raina bai so a ce haɗin da na yi wata biyu a kansa ya lalace a hannuna ba. Na mayar da shi yadda yake, na ce wata mai zuwa. Wata mai zuwa na ce sai na samo cittar da za ta rufe gurbin. Haka muka ci watanni, ina ta gyaran ɗanɗano, ƙarfin yana nan inda yake.

A cikin watannin nan ne abin ya bar bencin rumfata ya bi Auta ko'ina. Tun da ya ja a gaban wansa, gaban wa kuma zai ji nauyi? Ga shi ba wari, ƙamshin fura ne, har fasinjoji suna tambayarsa wane turare ne. Yana ja a tsakar gida. Yana ja da dattijo a bayan babur. Na gan shi da idona a ƙofar masallaci, ya ja sau biyu kafin ya cire takalmi. Kwalbar da ke yi masa kwana goma ta koma kwana huɗu. Matarsa ta sake zuwa bakin zaure ta ce, "Yaya, da can in ya shigo gida, ya shigo ke nan. Yanzu ko a kan tabarmar cin abinci abin nan yana hannunsa." Na ce mata ana nan ana ragewa. Ba a ragewa.

Aka yi mana rasuwa a Safana, wata gwaggonmu. Muka je ta'aziyya ni da Auta a babur ɗinsa. Da hantsi muna zaune a inuwar dalbejiya a ƙofar gidan, dattawa sun cika tabarmi, ana ta addu'a ana shafawa. Kawunmu, ƙanen Inna, yana tsakiya, shi ke karɓar gaisuwa. An ɗan yi shiru tsakanin baƙi da baƙi, sai na ga hannun Auta ya shiga aljihu ya fito, ya kai baki. Bai ma san ya yi ba. Farin tururi ya tashi a kan tabarmar makoki.

Kowa ya gani. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Auta, mene ne wannan?"

Auta ya dubi hannunsa, ya yi saurin ɓoyewa. "Magani ne, Kawu. Yaya ne ke haɗa mini."

Kawu ya kau da kai daga gare shi. Ni ya juyo ya duba, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Kai ne babba." Sai wasu baƙi suka yi sallama, aka koma addu'a.

Muka komo Batsari. Da muka sauka a ƙofar gida na ce masa daga yau na daina haɗawa.

Ya ce, "Yaya, na yi kuskure, ka yafe mini. Zan je in ba Kawu haƙuri."

Na ce ba maganar haƙuri ba ce, na daina.

Ya tsaya riƙe da kan babur. "To ka rage mini a hankali, kamar yadda aka ce tun farko. Ko ta yi lami zan sha. In ka yanke mini lokaci ɗaya ba zan iya ba, na san kaina."

Wannan ita ce magana mafi hankali da aka yi a duk lamarin, kuma daga bakinsa ta fito. Amma ni a lokacin idon Kawu kawai nake gani. Ba ƙirjin Auta nake tunani ba, yadda za a ce a Safana mai turaren Batsari yana dafa wa ƙanensa shisha nake tunani. Na ce, "Na gama magana." Kashegari da safe na kwashe kwalaben daga tukunya na tuttular da su a kwata.

Auta ya sayi irin wanda ake sayarwa a haɗe a wurin maƙwabcina. Ya ce zaƙi kawai ne, yana tayar masa da zuciya. Ya roƙi maƙwabcin ya haɗa masa na fura, shi kuwa bai san ma'aunin ba, ko da ya ga littafin ma ba ya karanta ajami. Auta ya turo maƙwabcin wurina sau biyu, na ƙi. Bai fi wata ɗaya ba na sake jin taba a rigar Auta.

Daga baya, da zuciyata ta sauka, na kira shi na ce in yana so mu sake farawa, wannan karon da ragewa ta gaskiya. Ya ce, "Bar shi, Yaya, kada a sake jin kunya saboda ni." Ya riga ya ba da ƙarfen ga wani ɗan haya abokinsa. Na sake tayar da maganar bayan salla, ya ce zai yi tunani.

Yanzu yana sha fiye da da, don babu sauran inda yake zagawa. Tarin ya dawo, ina jin sa ta katanga. Matarsa tana gaishe ni da ladabi kamar kullum, amma ba ta sake kawo mini maganar ba. Nakan sa shi a addu'a bayan kowace salla, in nemi gafara a kan nawa kason, wanda na san ya fi nasa yawa.

Shekaranjiya da safe na fito zan tafi kasuwa, na tarar da shi a ƙofar gida a kan babur yana jirana, kara a tsakanin yatsunsa. Ya sauko ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi kwanan iyali, tabar tana ci a hannunsa. Tari ya sarƙe shi a tsakiyar gaisuwar, sai da ya dafa sirdin babur.

Na ce, "Auta, tarin nan fa."

Ya ce, "Da sauƙi, Yaya. Hau mu je, rana tana yi."

Na hau. Ya mayar da ita baki ya tayar da babur, hayaƙin yana dawowa fuskata har muka isa kasuwa.